Wuƙar Kicin da Injin Gishiri

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, kowace safiya Auta ke shiga da shi tafkin ninƙaya na bayan gida, ya motsa ƙafa. Da ta ga farar ƙasa ta daskare a farantan injin gishirin da ke tsabtace ruwan, sai ta kankare ta tas da wuƙar kicin.

Mai gyara ya riƙe baki. "Baiwar Allah, ai ba tukunya ba ce! A ruwan asid ake jiƙawa. Kin kashe injin, sabo kuwa sai nan da wata guda."

Ruwan ya yi kore shar. Baba na kan kekensa, tawul a cinya.

"Auta, yau ma?"

Ta kasa kallonsa. Ta karɓi tawul ɗin ta ninke.