Iccen Aro a Gidan Gidaɗo

Maccido mai kalangu ya rasu ranar Talata bayan azahar, a ɗakinsa da ke Ƙofar Atiku, shekara goma sha biyu bayan shigowar Nasara Sakkwato. Shi ne shugaban makaɗa biyar, kuma katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa.

Yana da dokoki biyu da kowa ya sani. Ba ya faɗin kuɗin kiɗan biki sai ya je gidan ya ga iccen da aka tara don girki, don a cewarsa riga tana ƙarya, icce ba ya yi. Ta biyu, duk mahalarcin bikin da ya nemi yin waƙa, baiti ɗaya yake samu, ko da sule ya liƙa.

Gidaɗo majemi, maƙwabcinmu na uku, zai aurar da ɗansa Mode. Bai taɓa ɗaukar makaɗa ba, yana kuma tsoron Maccido ya ga ɗan iccensa ya ƙi zuwa. Sai ya aiki matarsa ta aro icce gida-gida, aka jibge shi har ya kusa kai tsawon mutum.

Ina wurin ranar Asabar da Maccido ya zo, yana dogara sanda, ƙirjinsa na ƙara. Ya zaga tulin, ya zaro wani guntun gawo, ya juya shi.

"Gidaɗo, wanga tulin na bikin ɗan alƙali na. Fam guda."

Gidaɗo ya dafa bango. "Fam, Baba Maccido?"

"Sai dai wanga guntun na san shi. Ni na faskara shi. Matata Dijatu ta ba ku?"

Daga ɗaki aka ji mata sun fashe da dariya. Gidaɗo ya cire hula, ya mayar.

"Na ji tsoron ka raina ni."

"Kai ɗai na gani mai yi wa kai nai tsada. Mi kaka so kuma?"

"In yi wa Mode waƙa. Tun yana goye nika yi mai ita."

"Na sani. Ta katanga nika jinta. Awakina ma sun sani." Ya tsaya ya yi tari mai tsawo. "Ka maida wa mutane iccensu. In dawo Laraba in ga naka na gaskiya, sannan in yanke."

Bai kai Laraba ba. Ranar Litinin ya kwanta. Na shiga gaishe shi da hantsi na tarar da Hayatu, mataimakinsa, durƙushe gefen tabarma.

"Bikin Mode, ku tai," in ji Maccido. "Uban ango baiti biyu."

"Biyu, Baba? Ko ɗan sarki ɗaya kaka ba shi."

"Biyu. In ya shiga na biyun ku ɗaga kiɗa, ku rufa mai asiri."

"Kuɗin fa?"

"Ban ga icce ba tukuna."

Ya nemi fura, Dijatu ta dama, ya kurɓa sau biyu. Bai ƙara maganar kiɗa ba.

An yi bikin bayan sadakar bakwai. Gidaɗo ya yi baitinsa na farko idonsa rufe, muryarsa na karkacewa. A na biyu kalangu huɗu suka tashi tare, ba wanda ya ji kalma ɗaya, mata suka yi guɗa. Mode ya ja rawani ya rufe fuskarsa.

Washegari Gidaɗo ya kai wa Hayatu ƙwarya rufe da faifai, ya ce a duba ko kuɗin kiɗan ya kai. Hayatu ya ce shi bai san abin da zai auna da shi ba, a kai wa Dijatu. Ita kuma ta ce tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa sa baki a kuɗin kiɗa ba.

Gidaɗo ya ƙi ɗaukar abinsa. Kwana goma sha ɗaya ke nan, ƙwaryar na kan randar Dijatu, ba wanda ya ɗaga faifan.