Azurfar Rumawa a Gidan Rumji

Da aka yi fari a shekarar saba'in da huɗu shanu suka ƙare, matan Fulani suka fara kwance tsofaffin kuɗin azurfa daga kitsonsu suna musanyawa da gero. Mutum biyu ne kawai a Gidan Rumji suke duba zanen da ke jikin kuɗin kafin nauyinsa: Mushe Isaka, direktan lakol, wato shugaban makarantar boko, da Mushe Surajo mai koyar da lissafi (Mushe ake kiran malamin boko a can).

Isaka ya shekara ashirin yana tarawa a gwangwanin shayi. Surajo kuwa bara ya fara, kuma a wurin Isaka ya gani. Amma da yake rabo ba ya duba takardar shaida, Surajo ne wata Bafillatana, Yelwa, ta tare a bakin kasuwa da 'yar azurfa kamar farcen babban yatsa. Gefe ɗaya kan wani sarkin Rumawa ne, ɗaya gefen mace riƙe da zangarniyar alkama.

Da Surajo ya nuna masa ita, Isaka ya ɗora ta a tafin hannu. Irinta a littafi kaɗai ya taɓa gani, yana ɗalibi a Yamai. Surajo ko sunan sarkin bai iya karantawa ba.

"Ba laifi," in ji Isaka. "Sai dai matar nan gunki ce, ƙanena. Ita Rumawa suke roƙo in damina ta ƙi. Muna fita roƙon ruwa da tsofaffin riguna, kai kana da wannan a ɗakin da kake salla?"

Surajo ya karɓi azurfarsa ya sa a aljihu. Isaka ya koma gida ya shimfiɗa auduga a gindin gwangwaninsa, ya ce wa matarsa Lantana in Surajo ya yi sallama a fito da sabuwar tabarma.

Ran kwana uku, bayan la'asar, sai ga Surajo yana fara'a.

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Har na ɗauko zan kawo maka ita, sai na ce ina ni ina sauke zunubi a gidan yayana. Na kai wa Ɗantala maƙeri."

Ya miƙo hannu. Sabon zobe ne, sumul.

"Ya ce bai taɓa narka azurfa mai sauƙin kai irinta ba."

Isaka ya kama yatsan, ya juya zoben sau biyu.

"Ya yi maka yawa," ya ce.