An Wanke Tukunyar Ismay

Ranar Lahadin da aka sallame ni daga gidan jinya, ban yarda an kai ni gida ba. Na ce wa mai tasi ya sauke ni a Liberty Avenue, ƙofar gidan abincina. Tun da na zame a kan ƙanƙara ƙuguna ya karye ban sake taka wurin ba, har sanyi ya wuce. Makulli na hannun ɗana Linden.

Abu ɗaya na ba shi amana, ana tura ni cikin motar asibiti ina riƙe da bakin rigarsa: tukunyar pepapot. Baƙar miyar nama ce tamu ta Guyana, da ruwan rogon da aka dafa har ya yi baƙi ya yi kauri, da kirfa da kanumfari da barkono. Ba a ƙarar da ita. Kullum da safe a tafasa, a ɗiba, a ƙara ƙafar saniya da wutsiya a kan ta jiya. Miyar tawa daga tukunyar uwata ta fito, a yankin Berbice na Guyana. A gwangwani na daskarar da ita, na naɗe cikin zannuwa, na shigo da ita New York a ɓoye. Uwata ta rasu ban je jana'iza ba, don lokacin ba ni da takardun zama a Amurka. Miyar nan ce kaɗai abin hannunta da ya rage mini.

Na ce masa, "A tafasa kullum. Ban da albasa, tsami take sa ta. Kuma ko shugaban ƙasa ne ya zo, kada a kwashe ta har gindi."

Layi na tarar har ƙofar mai aski. Mutanen da ban taɓa gani ba, kowa da waya a hannu. A jikin gilashi ga ƙaton hotona, da rubutu a ƙasa. Ni ban yi makaranta ba, sai na taɓa wata budurwa a layin.

"'Yata, me aka rubuta nan?"

"Wai tukunyar Mama Ismay, wadda ba ta taɓa ƙarewa ba tun daga Guyana. A jarida muka gani, cikin wuraren da ya kamata mutum ya ci abinci a birnin nan." Ta dubi hoton, ta dube ni. "Lah! Ke ce?"

Na tura sandar tafiyata na ratsa su na shiga. Ban nemi Linden ba. Na zauna a teburin kusa da kicin, na ce wa yarinyar da ke kai abinci, sabuwa ce, ba ta san ni ba, ta kawo mini pepapot da burodi.

Tun kafin in tsoma burodin na san akwai magana, don miyar ja-ja take, ba baƙa ba. Na kai baki. Zaƙi, da albasa, da ɗanɗanon abin da aka dafa da safen nan. Na ɗaga kai don in haɗiye, sai na gan ta. Tukunyata, a rataye a bango sama da firij, an goge ta tana ƙyalli, an cusa mata furannin roba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. A kicin na samu Waveney, wadda muka tsufa tare a gaban murhun nan. Tana ganina ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Yaya Ismay, sannu da jiki..."

"Ajiye sannunki. Ina miyata?"

"Wallahi na faɗa masa. Har kuka na yi."

Sai ga Linden da sabuwar farar riga, an ɗinka sunansa a ƙirji. "Mama! Ai da kin kira na ɗauko ki. Zo mu je ofis, a nan akwai zafi."

"Shekara nawa ina cikin zafin nan kana wasa a ƙarƙashin tebur? Ina miyata?"

Ya rage murya. Wai ranar Asabar ɗin da jarida ta fito, mutane suka yi ta zuwa. Wai wasu daga wata jiha suka tuƙo, ba zai iya ce musu ta ƙare ba. Ya ɗiba, ya ɗiba, har ludayi ya fara ƙara a gindin tukunya. Da dare aka wanke ta tare da sauran kwanuka.

"Mama, miya ce fa. Mun yi wata, kowa yana yabawa. Dubi ɗakin nan, yaushe muka taɓa cika haka?"

"Ka sayar da kakarka a kwanon roba, kana ce mini miya ce. To, ta tafi, ba mai dawo da ita. Amma fuskata da ka liƙa a gilashi kana ƙarya da ita, ita ma wanke ta za ka yi?"

"Don Allah Mama, a hankali, ana jin mu."

"Ji nake so a yi. Ka fita ka faɗa musu da bakinka. In ba haka ba ni zan bi su tebur-tebur, in na gama in zauna a bakin ƙofa gobe da jibi. Ba ni da wurin zuwa, ka sani."

Ya tare ƙofar kicin da jikinsa. Na ɗora ƙafar sandata a kan takalminsa na danna. Muka tsaya ido cikin ido, mai yana ta ƙonewa a kasko ba wanda ya kula. Waveney ta kwance ɗamarar girkinta ta ajiye a kan tebur.

"Linden, in ba ka faɗa ba, nemi wani ya ƙarasa maka girkin yau."

Ya dubi takardun oda da suka yi layi a saman murhu. Ya dube ta. Sannan ya matsa.

A tsakiyar ɗakin ya tsaya ya buga cokali a jikin kofi. Ya ce abin da ke rubuce a gilashi ba gaskiya ba ne yanzu, tsohuwar miyar ta ƙare a hannunsa, wadda suke ci ta yau ce. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Wani saurayi ya ce, "Ai wannan ma da daɗi," aka yi 'yar dariya, cokula suka ci gaba da ƙara. Tsoho ɗaya ne, ɗan ƙasarmu da ke zuwa kowace Lahadi daga coci, ya ture kwanonsa ya cire hula.

Na sa Linden ya hau kujera ya sauko da tukunyar, ya zubar da furannin a shara, ya fita ya ɓamɓare hoton a gaban layi. Ya yi duka. Da ya dawo ya ce, "Mama, sai ki fara mana wata."

Na ce ya kira mini tasi. Na zauna a baya da tukunyar a cinyata, na sa hanci a ciki ko zan ji wani abu. Ƙamshin sabulu ne kawai.

Sunana na nan a saman ƙofar har yau. Na gaya wa Linden ya sauke shi kafin ƙarshen wata, in kuwa ya ƙi, na riga na sa Waveney ta nemo mini mai tsani.