Tsuntsuwar da ke Kan Jaka

A gafarce ni da wannan karambani. Ni karatu kawai na sani, ban taɓa rubuta labari ba, dukancin da zan yi magana a kai ma kallonsa na yi daga nesa. Inda na yi tuntuɓe, don Allah a kau da kai.

A wani layi da ake aikin fata akwai wani baduku da jakunkunansa ba sa daɗewa a rataye. Ba wai ɗinkinsa ya fi na kowa ba ne. Wata 'yar tsuntsuwa ce a kan marfin kowace jaka, mai ɗagaggen wuya, fiffike ɗaya a karkace, ita mata ke tsayawa su shafa har su saya. Matarsa ce ke zana ta. Shi ya yanka ya ɗinka, ita kuma a ɗakin bayan shago ta jiƙa fatar da tsumma, ta jira ta yi laushi, sannan ta bi ta da gindin basilla a hankali har tsuntsuwar ta fito. Duk duniya babu abin da take nunawa ta ce nata ne sai wannan.

Ranar nan ta fara zana wata tsuntsuwar ke nan sai ta ji maigidan yana ta faɗa a waje. Dogo, badukun tsallaken titi, ya wayi gari ya rataye jakunkuna masu tsuntsuwa sak irin tasu. Maigidan bai tsaya wata-wata ba ya kira ɗan ƙanwarsa, wanda lauya ne. Ga shi ya zo ya zauna kan benci, Dogo ma ya tsallako da awon fata a wuya.

"Kawu, siffar jaka ba ta kowa ba ce," in ji Lauya. "Amma zane yana da mai shi. Wanda ya ƙirƙiro shi, shi ke da haƙƙin mallaka."

"To, ai ni ne."

"Kai ka zana?"

"Matata ce. Ba duk ɗaya ba ne?"

"A gida ɗaya ne, Kawu. A gaban alƙali ku biyu ne."

Aka kira ta. Ta fito tana goge hannu da gefen zani. Lauya ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, tsuntsuwar nan daga kanki kika fito da ita?"

Akwai wani tiren shayi da ta saya a kasuwa tun suna sababbin aure, mai hoton tsuntsuwa a tsakiya. Shi ta ajiye a gabanta ranar da ta fara zanen. Sai dai ta tiren jelarta doguwa ce mai gashi siriri, fata kuwa ba ta ɗaukar siririn layi, sai ta gutsure jelar. Wuyan ta ɗaga shi ne don maɓalli ya samu wuri. Fiffiken kuma basilla ce ta taɓa zame mata, masu saye suka ce haka ya fi kyau. Maigidan yana ta yi mata alama da gira ta ce e kawai.

"Wuyan dai nawa ne," ta ce a hankali. "Da fiffiken. Kan da ƙafafun kuma na tire ne."

"Ke! Wane irin tire kuma? Ana maganar shari'a kina maganar shayi?"

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. "Tiren nan mai shuɗin baki ko? Ai muna da shi a gida! Kun gani, ni ma a tirena na gano ta."

Lauya ya dube shi. "Ta tirenka ma fiffikenta a karkace yake?"

"Ya taɓa faɗuwa ƙasa," in ji Dogo, ko kunya babu.

"Ɓarawon tsuntsuwa!"

"Sannu, mai gadin tire!"

Ita dai ba rigimarsu ce ta dame ta ba. Ta matsa kusa da Lauya ta ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya. In ci gaba da zana ta, ko in bari?"

"Ya danganta, Inna."

"Da me?"

"Da yawan abin da kika canza. Da kuma wanda ya zana ta tiren, ko shi ke da ita har yanzu, ko ya sayar wa kamfani."

"To wane ne shi?"

"Shi ne ban sani ba."

"Ke nan Dogo ya ɗauki nawa, ni kuma na ɗauki na wani?"

"Wataƙila duka biyun. In Kawu ya kai ƙara, tambayar da na yi miki ita za a fara yi miki."

Ta juya maganar a ranta. Tsuntsuwa ɗaya, wuya nata, ƙafa ta wani mutum da ba ta taɓa gani ba. Ta rasa ta yadda ake raba irin wannan.

Maigidan ya shiga gida ya fito da tirenta, Dogo ya ruga ya kawo nasa. Aka kifa su a kan benci ana neman suna. Wanki ya cinye na kowanne, sai ɗan tabon rubutu. Maƙwabta suka taru, tela ya ce harafi ne, mai gyaran agogo ya ce tsatsa ce, kowa na faɗin tasa.

Ta koma ɗakin baya. Fatar da ta bari ta fara bushewa. Wuya da fiffike kawai ta yi kafin a kira ta, kuma su kaɗai ba su yi kama da komai ba. Ta ɗauki basilla za ta yi kan, hannunta ya ƙi. Ta ajiye, ta lulluɓe fatar da jiƙaƙƙen tsumma don kada ta ƙarasa bushewa.

Mai kwanukan da ya sayar mata da tiren yana nan a kasuwa, in dai bai tashi ba. Ƙila ya san inda ake kawo su, can kuma ƙila an san wanda ya zana. Me za ta ce wa mutumin in ta same shi, godiya ko ban haƙuri, ita ma ba ta sani ba. Ta yafa gyale, ta riƙe takalmanta a hannu, ta sulale ta ƙofar baya suna can suna ta musu a kan tabon.