Alfadarar Doña Eduviges

Doña Eduviges mace ce da ba ta yarda a raba mata kaya a bayan idonta ba, ko da mutuwa ce ta kawar da idon. Shi ya sa tun da ƙarfinta ta sauka gari da shaidu, notario, mai rubuta takardun doka, ya rubuta mata wasiyya ya buga hatimi. Daga nan kuma ta sha komawa. In ɗanta Fulgencio ya ɓata mata rai, sai ta hau motar kasuwa a sauya rubutu. In 'yarta Obdulia ta mayar mata da magana, ta sake hawa.

Rubutun ƙarshe ya raba gonar gahawa gida biyu. Fulgencio ya samu ta bakin hanya, Obdulia ta samu ta can kan dutse. Alfadarar gidan, Canela, ta faɗa rabon Fulgencio. Wanda aka ɗora wa zartar da wasiyyar kuwa Don Nicanor ne, maƙwabcinta, wanda ya riƙe Fulgencio a coci ranar baftisma, ya zama masa uba na biyu, wato padrino, shi da ita kuma suke kiran juna compadre da comadre.

Da ciwo ya kwantar da ita, wata la'asar Nicanor ya shiga gaishe ta, ya tarar ba kowa a ɗakin.

"Matso, compadre," in ji ta. "Alfadarar nan, ka kai wa Obdulia. Da me za ta sauko da buhuna daga wancan dutse? Ina fushi da ita na yi rubutun."

"Comadre, bari in kira mutane su ji."

"Kai me ne, kujera?"

Kafin a tara mutanen, ta riga ta daina magana.

Bayan an binne ta an gama addu'o'in kwana tara, Nicanor ya sauka gari ya gaya wa notario. Mutumin ya cire tabarau ya murza ido.

"Don Nicanor, maganar da ba ta da shaidu iska ce. Abin da ke takarda shi za ka yi. Ni dai Allah ya ji ƙanta, ta hutar da hatimina."

Nicanor ya hau hanya da abin a ransa kamar ƙaya a tafin ƙafa. In ya kai wa Obdulia alfadara, ya karya doka, ya kuma ƙwaci kayan yaron da ya rantse a gaban limamin coci zai tsare. In ya yi shiru, babu mai sani, sai shi da matar da ke kwance a ƙasa. Abin da ya fi damunsa shi ne shirun ya fi sauƙi, kuma bai taɓa amincewa da abin da ya zo masa da sauƙi ba. Ya juya abin ta nan, ya juya ta can. A ƙarshe ya ga cewa amana biyu aka ba shi, dabba da magana, kuma dukansu ba nasa ba ne da zai riƙe.

Da hantsi ya ja Canela zuwa gidan Fulgencio. Ya same shi yana baza gahawa a dandamalin shanya.

"Sa mini albarka, padrino."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ga alfadararka, kamar yadda aka rubuta."

Fulgencio ya karɓi ragama yana washe baki, ya shafa wuyan dabbar, ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo ruwan mazarƙwaila mai zafi. Nicanor ya bari sai da ya ga ragamar ta zauna a hannunsa, sannan ya maimaita masa maganar tsohuwa, bai ƙara ba bai rage ba, har da zancen kujera.

Murmushin ya gudu. Fulgencio ya dubi alfadara, ya dubi padrino.

"Wa ya ji?"

"Ni kaɗai."

"Notario fa?"

"Ya ce taka ce. Babu alƙalin da zai karɓe ta."

"To me ya sa ka gaya mini?"

"Saƙo ne. Na kai inda ya dace."

Fulgencio ya zauna a kan buhu. "Padrino, kai mugun tsoho ne. Ka ɗauko dutse daga kanka ka ɗora mini, kana sa mini albarka."

"Zauna da abinka in kana so. Ba zan gaya wa kowa ba."

"Ba kowa nake tsoro ba. Kai ka san Mama. Tana raye ma ba ta bar mutum ya yi barci ba, balle yanzu da ba ta da aikin yi. Da ka yi shiru, ƙafafunka za ta riƙa ja daga kan gado. Yanzu nawa ka miƙa mata."

Matarsa, da ta kawo kofuna, ta ce, "Ni dai gado ɗaya muke kwana. Kada ta laluba ta kama nawa."

Suka sha abinsu. Fulgencio ya yi ta mita, ya zagi dutse, ya zagi ranar da aka raba gonar, ya ce tun suna yara Obdulia ke cinye arepa, wainar masara, mafi girma. Sannan ya miƙe ya ɗaura wa Canela sirdin kaya.

"Tashi mu je. Kai za ka faɗa mata da bakinka, kada ta ɗauka kirki ne ya kama ni."

Suna hawan dutse, Nicanor na haki a baya, yana tambayar kansa ko gaskiya ya yi ko dabara. Da ya san yaron ba ya tsoron uwarsa, da zai faɗa? Yana ganin da zai faɗa. Bai dai tabbata ba.

Obdulia ta fito da hannu duk ƙullun masara. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen zane, sannan ta dubi ɗan'uwanta.

"Ka kawo ta ba ko damin ciyawa?"

"Kin ji ko, padrino?" in ji Fulgencio. "To ka shirya. Ran da zan kai gahawa gari, dokinka zan zo ɗauka."

Nicanor ya ce ya zo da wuri, dokin ba ya son rana.