Sa Hannu da Hagu

Wata shida da yi wa Tela tiyata a wuyan hannu, yatsunsa na dama ko almakashi ba sa riƙewa. Wani likita ya ce wataƙila jijiya aka taɓa. Ƙanwarsa ta raka shi ofishin ƙorafin asibitin neman diyya.

Akawu ya turo takarda, Tela ya lallaɓa ya sa hannu da hagu. Akawun ya gwada da wanda ya sa kafin tiyata.

"Malam, ba su yi daidai ba. Sai ka yi irin na farko."

"Yaya, yi haƙuri," in ji ƙanwar.

Tela ya aza shanyayyen hannun a kan tebur.

"Ga wanda ya yi na farkon. Ku kuka kashe shi, ku tashe shi ya sa muku."