Saƙon da Maɓalli Take Kaiwa

Tela da matarsa sun daina magana tun da ta kama aikin asibiti ba da son ransa ba. 'Yarsu mai shekara shida, wadda suke kira Maɓalli saboda ƙanƙantarta, ita ke kai saƙo tsakanin falo da kicin.

Ranar da ya je ɗaukar ta a makaranta, malamarsu ta ja shi gefe.

"Baban Maɓalli, yarinyar nan ta fara ƙarya. In yara biyu suka yi faɗa, sai ta je wa kowanne ta ce ɗayan ya ba shi haƙuri. Kuma dubi yatsunta."

Ya duba. Ta cinye farcen har ya kai nama.

Da suka isa gida ya ɗaga rigarsa daga kan kujera, ya ce, "Je ki ce wa mamarki ko makaho ya fi ta iya guga."

Ta tafi. Ya cire takalmi ya bi bayanta. A lungun da ke tsakanin ɗakunan ta tsaya, yatsa a baki, leɓɓanta suna motsi kamar mai haddar karatu. Ta daɗe a haka kafin ta shiga.

"Mama, Baba ya ce sannu da aiki."

"Ki ce masa ya riƙe sannunsa, ba ta wanke kwano."

Maɓalli ta juyo, ta ci karo da gwiwoyinsa.

"Mama ta ce... ta gode."

"Na ji abin da ta ce. Ba laifinki ba ne."

Ya ɗauke ta ya ajiye a bakin ƙofa, ya shiga kicin ɗin.

"Maman Maɓalli, ban ce sannu ba. Cewa na yi ba ki iya guga ba."

Matar ta ajiye soso. "Ashe kana da baki."

"Ina da shi. Daga yau duk abin da zan faɗa, ke zan faɗa wa. Dubi hannun 'yarki."

Ta duba yatsun yarinyar.

"Har yanzu ina fushi da kai," in ji ta.

"Ni ma. Jawo kujera."

Maɓalli ta matso tsakaninsu, tana jiran a aike ta.

"Je ki yi wasa," in ji uwar. "Wannan namu ne."

Ba ta tafi ba, ta dai zauna a dokin ƙofa tana kallon su. Tela ya rage murya, ya fara daga maganar asibitin.